Kukan Birki Jawabi Ne

Wanda ya saba bin hanyar Birnin Gwari ya san irin dajin da direba zai yi tafiya mai nisa bai ga ko bukka ba. Mu a arewacin Kano ba mu da wannan daji. Tun daga Dawanau har Dambatta da Makoɗa, ko ta ɓangaren Bichi zuwa Tsanyawa, gona ce ke bin gona, gida na kallon gida. Ba wani fili da aka bari ya huta. Kowace shekara ana zuba taki ana nomawa, a ƙarƙashin gawo da kuka da ɗorawa. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda ƙasar nan ke ɗaukar jama'a masu yawa haka ba ta gaji ba. Shi manoma ya duba. Ni da nake riƙe da sitiyari, abin da nake gani shi ne titi ya ratsa ta tsakiyar rayuwar mutane: ga 'yan makarantar allo, ga yarinya da farantin gyaɗa a ka, ga jaki da mangalar taki, ga amalanken shanu ba fitila, ga akuya. A tsakiyar damina kuwa, idan gero da dawa suka yi tsawo suka rufe bakin hanya, mai babur kan faɗo titi daga cikin gona ba ka gan shi ba sai yana gabanka.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a kan birki, an riga an wuce gidaje biyu. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ninkuwa yake sau huɗu. Saboda haka a wurinmu lafiyar birki ba ta mai mota ce shi kaɗai ba. Duk wanda ke zaune a bakin titi yana da haƙƙi a cikinta.

Na sayi motata bayan na daɗe ina tari, da adashi da kuɗin riɗin da na sayar. Irin wadda muke kira 'yar Kwatano ce, ko da yake tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, ta koma da su tashoshin ruwa. A wurinmu dai sabuwa ce: ba wanda ya taɓa hawanta a ƙasar nan, fenti na sheƙi, inji shiru. Dillalin ya ce an sa mata sabon birki kafin a kafa ta, kuma bai yi ƙarya ba. Ba a jima ba ta fara wani siririn kuka mai shiga haƙori duk lokacin da na taka birki a hankali, musamman idan zan tsaya a ƙofar gida ko bakin masallaci. Idan na danna da ƙarfi sai ta yi shiru. Tsayawa kuwa tana tsayawa daram.

A majalisa kowa ya kawo tasa. Wani ya ce sabuwa ce, za ta daina da kanta. Wani ya ce a watsa mata ruwa. Wata gwaggona ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan nan, bakin mutane ne, ka riƙa addu'a." Na karɓi shawararta, domin addu'a ba ta taɓa yin yawa ga mai hawa titi ba, sai dai addinin da ya koya mana ita shi ya koya mana riƙo da sababi. Shawarar da ta tayar min da hankali ta fito ne daga bakin wani matashin bakanike a bakin hanya. Ko taya bai cire ba ya ɗauko galan ɗin baƙin mai, ya ce, "Alhaji, ɗan kaɗan zan ɗiga a kan farantin, yanzu za ta yi tsit." Na hana shi. Gaskiyarsa ce za ta yi tsit. Amma birki gogayya ce tsakanin abu biyu, mai kuwa aikinsa kashe gogayya. Fad, wato abin da ke matse farantin birki, in ya sha mai ya tashi daga aiki har abada, wanki ba ya fitar da shi. Na tafi ina tunanin motoci nawa yaron nan ya yi wa wannan magani, masu su suka biya shi suna godiya.

Wanda ya warware min matsalar wani dattijo ne da ke da gareji a inuwar darbejiya, wanda ya koyi aiki tun lokacin da Peugeot 504 ta Kaduna ke mulkin hanyoyin nan. Abin da ya fara burge ni da shi, bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi min tambayoyi. "Malam, da safe kawai take yi ko har rana? Sai ka taka, ko ko tana tafiya ma tana yi? Gaba ne ko baya? Feda na rawa a ƙarƙashin ƙafarka? Tana fizgar ka gefe guda?" Sannan ya shiga ya zauna a gefena, ya ce in ja, ya sauke gilashi ya kasa kunne. Da muka dawo ya ce, "Kukan kurciya jawabi ne, Malam. Na birki ma haka. Kowane kuka da abin da yake faɗa."

A nan na fara fahimtar abin. A ƙafafun gaba akwai farantin ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da fad guda biyu da ke matse shi ta kowane gefe idan man birki ya turo su. Abin da ke riƙe da su shi ake kira kalifa. Idan fad ya kama faranti ya saki, ya kama ya saki, sau dubbai a daƙiƙa guda, sai farantin ya ɗauki rawa, rawar ta fito a matsayin ƙara. Injiniyoyi na lissafa wannan siririn kuka daga girgiza 1,000 a daƙiƙa zuwa sama. Matsalar ta girmi kakanninmu: Frederick Lanchester, wanda ya yi rajistar birkin faranti a Ingila a 1902, ya yi fama da ƙarar da tagullar da ya sa ke yi a kan ƙarfe. Har yau manyan kamfanoni na kashe kuɗi a kanta. Wannan ya kwantar min da hankali ta wani ɓangare, domin ya nuna ba kowane kuka ne alamar mutuwar birki ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma ya ƙara min nauyi, tunda dole mutum ya iya rarrabewa.

Mafi sauƙinsu shi ne na safiya. Farantin birki ƙarfen zubi ne, ba fenti a fuskarsa. Daren da aka yi ruwa ko raɓa ta sauka, gari na wayewa ya yi ja da tsatsa. Taka biyu uku ta goge, shi ke nan. Na hunturu kuwa ƙura ce: hazon da iska ke kwasowa daga hamadar Chadi, da jar ƙurar burji ta hanyoyin ƙauye, su shiga tsakanin fad da faranti. Wani lokacin ɗan tsakuwa ne ke maƙalewa tsakanin faranti da gwangwanin da ke kare shi ta baya. Wannan ƙararsa ba ta jiran ka taka birki, kuma tana da firgitarwa, amma sau da yawa ja da baya kaɗan na fitar da shi, in ya ƙi a cire taya a zaro. Sai kukan da kamfani ya shirya da gangan. A jikin fad da yawa akwai ɗan siririn ƙarfe da aka lanƙwasa. Sabon fad kaurinsa kan kai milimita 10 zuwa 12, idan ya cinye ya rage kamar 2 ko 3 sai ƙarfen nan ya fara taɓa faranti yana tsuwa, don ya sanar da kai lokacin canji ya yi. Na ƙarshe shi ne gurnani mai kauri, ƙarfe na cin ƙarfe. Wanda ya ji wannan, ya ajiye mota inda take.

Nawa bai shiga ko ɗaya daga ciki ba. Da dattijon ya ɗaga motar da jak ya cire taya, sai ga fad sabo da kaurinsa, amma fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli. Ya juya bayansa ya nuna min: babu siririn gwangwanin da ake liƙawa don ya shanye girgiza. Wanda ya sa sabon ya jefar da na asali tare da tsohon fad. Ya zaro fil biyu da kalifa ke zamewa a kansu; ɗaya na tafiya sumul, ɗayan ya bushe, robar da ke rufe shi ta yage, ƙura ta shiga ta daskare. Saboda haka fad ɗaya ke aiki sosai, ɗayan yana goga a karkace, zafi ya taru ya gasa fuskarsa. Ya ce, "An sa miki sabon takalmi, amma mai araha," yana magana da motar. Sannan ya dube ni: "Araha ba ta ado, Malam. Wannan mai tauri ne, ba zai cinye da wuri ba, farantinka zai ci."

Darasin da na fi riƙewa ke nan game da motar da muke kira sabuwa. Mai sayarwa yana gyara abin da ido zai gani ne, da abin da zai iya faɗa da baki. "An sa sabon birki" magana ce mai daɗin ji, amma ba ta gaya maka wane iri aka sa ba, ko wa ya sa, ko ya mayar da ƙananan ƙarafan da suka zo da motar. Motar kuma ta yi watanni a tsaye, a tashar jirgin ruwa a can, a cikin teku da iskar gishiri, a Legas, a filin dillali. Tsayuwa na ɓata birki kamar yadda tafiya ke ɓata shi.

Gyaran bai ɗauki wuni ba. Na shiga Kano na sayo fad mai kyau a kasuwar Ƙofar Ruwa, wurin wani mai shago da dattijon ya amince da shi. Ya ce in duba kwalin da bayan fad ɗin ko akwai alamar R90, shaidar gwajin da ake yi wa kayan birki a Turai, amma ya gargaɗe ni cewa masu jabu ma sun iya buga tambari, don haka amanar mai shago ta fi rubutun kwali. Ya canza na ƙafafun gaba duka biyu, domin ba a canza gefe guda. In an yi haka mota kan fizge wajen tsayawa. Ya auna kaurin faranti ya gwada da adadin da kamfani ya buga a gefensa, ya ga da saura, sai ya bi fuskarsa da samfefa ya kashe sulɓin. Ya wanke fil ɗin, ya sa sabuwar roba. Giris ɗin da ya shafa ma na musamman ne mai jure zafi, ya ce na boris kumbura roba yake. Kuma wuri uku kawai ya taɓa da shi: fil, bayan fad, da kunnuwan da fad ke zamewa a kansu. Fuskar fad da ta faranti ko yatsa mai maiƙo bai bari ya kai gare su ba. Yaronsa ya miƙo hannu zai ɗauka, ya daka masa tsawa ya je ya wanke hannu.

Saura abin da yawancinmu ba mu sani ba, wato sabon fad sai an zaunar da shi. Ana so ya bar wani siririn shafi na jikinsa a kan faranti daidai wa daida, kafin su saba da juna. Yadda ake yi: ka kai kamar kilomita 60 a awa, ka taka birki da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen 10, kada ka tsaya cak, ka sake ɗagawa, ka maimaita kamar sau goma, sannan ka yi 'yar tafiya ba ka taka ba don ya huce. Kada ka tsaya ka danne feda alhali farantin na da zafi, zai bar tabo a wuri guda, daga baya ka riƙa jin rawa a ƙafa. Kilomita 200 zuwa 300 na farko kuma a guji birkin gaggawa in ba dole ba. Wahalar a wurinmu ita ce samun titin da za a yi wannan ba a tsorata kowa ba. Dattijon ya ce in fito bayan sallar asuba, kafin yara su fita, kuma kada ya zama Lahadi, ranar da motocin shanu da na hatsi ke tururuwa zuwa kasuwar Dambatta. Haka na yi. Kukan ya ɗauke, fedar ma ta ƙara ƙarfi a ƙafa.

Bayan nan wani ƙanena da ke aiki a birni ya zo gida da motar ofis, ita kam sabuwa fil daga kamfani, ledar kujeru ma ba a cire ba. Ita ma tana 'yar tsuwa da safe da kuma wajen tsayawa. Ya ce, "Yaya, ko in kai ta wurin mutumin naka?" Na ce ya tambaye shi tukuna. Dattijon ya saurara, ya leƙa ta tsakanin wili, ya ce kada wanda ya kwance ko ƙusa ɗaya. Motar da ke da garanti, idan aka buɗe ta a waje, kamfani na iya zame wuyansa. Ya ce ya zaunar da birkin yadda na yi, in ta wuce 'yan ɗaruruwan kilomita tana yi, ya mayar musu su duba a rubuce. Ko sisi bai karɓa ba. Bakaniken da zai ce maka kada a taɓa, alhali taɓawar ce abincinsa, ka riƙe shi da kyau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce motata da ta ƙanena. Zaman da na yi a garejin ya nuna min abubuwan da ke hana ni barci. Na ga direban haya ya zo da mota tana tsuwar gargaɗi, ya ce a lanƙwashe masa ɗan ƙarfen don fasinja na ƙorafi, canji sai bayan kasuwa biyu. Dattijon ya ƙi, direban ya ja motarsa ya nufi wani wurin. Na san halin da direbobin nan ke ciki: kuɗin mai ya ninka tun da aka cire tallafi a 2023, ga balas ɗin mai mota, ga iyali. Ba na raina wahalarsu. Amma motar nan ita ce za ta ɗauko buhunan gero masu kilo 100 har saman rufi, da mutane a kai, ta ratsa garuruwan da na ambata. Nauyi na ƙaruwa, zafin da birki zai shanye na ƙaruwa, a kan fad ɗin da ya rage kaurin farce.

Na kuma ji da kunnena ana ba da shawarar zuba ruwan omo a madadin man birki idan ya ƙare a hanya. Man birki na DOT 3 sabo ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 205, na DOT 4 kuwa 230. Ruwa a 100 yake tafasa, ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake. Ka taka feda ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Shi kansa man na gaskiya yana shan laima daga iska a hankali, har ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar a sa sabo duk shekara biyu. Ban san mutum nawa a garinmu suka taɓa canza shi ba tare da ya zube da kansa ba. Kuma idan ka ga ya ragu a kofinsa, kada ka tsaya ga ƙarawa: ko fad ne ya cinye, ko wani wuri na yoyo.

Sai yaran gareji. Idan aka buɗe ganga ta ƙafar baya, inda takalman birki suke, baƙar ƙura ce cike, sai ka ga yaro ɗan shekara goma sha biyu ya sunkuya ya hure ta da baki. Shekaru da yawa ana haɗa kayan birki da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke maƙalewa a huhu ya haifar da ciwon daji bayan shekaru ashirin ko fiye. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005, amma ba duk ƙasashen da ke ƙera kayan da ake kawo mana ne suka bar shi ba, kuma ba a gane shi da ido. Maganin ba tsada: a jiƙa ƙurar da ruwa a goge da tsumma, kada a hura, kada a busa da iskar mai faci. Na gaya wa dattijon, ya yi shiru, ya ce su haka suka taso ba wanda ya faɗa musu. Yanzu akwai bokitin ruwa a gefen inda yaransa ke aiki.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, jami'anta na tsayawa a hanya, amma ba za su cire tayar kowace mota su duba ba, kuma hanyoyin cikin ƙauyukanmu ba sa ganin su. Waɗanda ke ganin motocin kullum su ne shugabannin tasha. Su suka san motar da ke gurnani idan ta shigo layi, su ke rubuta lodi. Ina roƙonsu da girman Allah, motar da suka ji tana wannan ƙara kada su ba ta lodi sai an gyara, ko da direban ɗan'uwansu ne. Kai kuma da Allah ya hore wa mota, sabuwa daga kamfani ko 'yar Kwatano, idan ta fara kuka ka lura da lokacin da take yi da ƙafar da ke yi, ka kai wa wanda zai yi maka tambaya kafin ya ɗauki sifana. Ka tsaya a cire taya a gabanka ka ga fad ɗin da idonka. In ya rage milimita 3, a canza shi a ranar, ƙafafu biyu tare, kuma kada ka yarda kowa ya kusanci farantin da mai.